SHARHI: Lakar Da Ido Ba Ya Gani, Da Yawan Man Da Rijiya Za Ta Bayar

Tun daga watan Mayun 2024, lokacin da jirgin ruwa na farko ya yi lodin ɗanyen man Nijar a tashar Seme ta ƙasar Benin, zancen fetur bai bar bakin jama'a ba. Ana yin sa a fada wajen shan shayi, ana yin sa a ƙofar masallaci bayan la'asar, ɗalibai ma suna kwana a kansa a ɗakunansu. Mafi yawan zancen a kan abin da ke bisa ƙasa ne: bututun da ya taso daga Agadem ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000, ganga 90,000 da aka tsara zai riƙa ɗauka a kowace rana, rikicin iyaka da Benin, da kuma dala miliyan 400 da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya amince ya bai wa gwamnati a watan Afrilun 2024 a kan za a biya da mai. Duk waɗannan sun cancanci a tattauna su. Amma akwai wani sashe na lamarin da ba a cika jin sa ba, alhali shi ne yake yanke hukuncin ganga nawa za ta fito daga ƙarshe. Wannan sashe yana can ƙarƙashin ƙasa, cikin dutsen da man yake kwance, kuma wani malamin jami'a a ƙasar Ostireliya ya shafe shekaru masu yawa yana nazarinsa.

Sunansa Farfesa Pavel Bedrikovetsky. A Masko ya yi karatu, ya fara da ilimin lissafi kafin ya shiga harkar mai, ya yi shekaru yana aiki da kamfanin Petrobras na ƙasar Burazil, daga baya ya koma koyarwa a Jami'ar Adelaide. Abin da aka fi saninsa da shi tambaya ce da za ta yi wa mai sauraro kamar ƙarama: yaushe ne ɓurɓushin laka da ke manne a cikin dutse yake ɓallewa ya bi ruwa, kuma ina yake zuwa idan ya ɓalle?

Kafin a ga nauyin tambayar sai an gyara wata fahimta da ta yaɗu. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka man fetur wani tafki ne ko kogi a ƙarƙashin ƙasa, da zarar an huda sai a yi ta ɗiba har ya ƙare. Ba haka abin yake ba. Man yana cikin dutse ne, kamar yadda ruwa yake shiga jikin sabuwar randa ko jikin tubali. Dutsen yashi, wanda shi ne ma'ajiyar mai a wurare da yawa, ƙwayoyin rairayi ne da suka daɗe a danne har suka haɗe, a tsakaninsu kuwa akwai 'yan ƙananan kafofi, kowace tana haɗe da 'yar'uwarta ta wata matsattsiyar hanya kamar maƙogwaro. Duk ɗigon man da zai iso rijiya sai ya ratsa dubban waɗannan maƙogwaro. Saboda haka ne ma ba a taɓa kwashe man da ke wuri duka. A lissafin da masu wannan sana'a suka saba yi, abin da ake iya fitarwa a duniya, in an haɗa an raba, bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ba. Kashi biyu suna nan a ƙasa bayan an rufe rijiya an tafi.

A farkon haƙa, matsin da ke ƙarƙashin ƙasa shi yake turo man da kansa. Idan matsin ya ragu, sai a haƙa waɗansu rijiyoyi a gefe, a riƙa ɗura ruwa ta cikinsu domin ya kora man zuwa rijiyar ɗiba. To a nan ne laka take shigowa cikin labarin. A jikin bangon waɗancan kafofi akwai 'yan falle-fallen laka a manne, mafi shahararsu ita ce kawolinait, dangin farar ƙasa. Wani masani na kamfanin Exxon mai suna Muecke ya siffanta irin wannan ɓurɓushi a 1979 da cewa shi ne duk abin da bai kai maikuron 37 ba, wato wajen rabin kaurin silin gashin kai, kuma mafi yawansa bai ko kusanci haka ba. Muddin yana manne, ba ya cutar da kowa. Amma in ya saki bango ya bi ruwa, ba ya yin nisa sai ya tarar da maƙogwaron da ya fi shi ƙanƙanta, ya maƙale, ya toshe. Duk macen da ta taɓa tace gasara ta san yadda ƙyalle yake yi idan dusa ta cika idanunsa: ruwa yana sama, amma ba ya sauka. Bambancin kawai shi ne ita tana iya ɗauraye ƙyallenta, shi kuwa dutsen da ke zurfin kilomita biyu ko uku babu mai ɗauraye shi.

Me ke sa lakar ta saki? A farkon shekarun 1980, waɗansu masana biyu a Jami'ar Michigan ta Amurka, Kartic Khilar da Scott Fogler, sun yi wani gwaji da har yau ake koyar da shi. Sun ɗauki gutsuren dutsen yashi, suka riƙa tura masa ruwan gishiri, ruwa yana wucewa lafiya lau. Suka riƙa rage gishirin sannu a hankali, babu abin da ya canza, har sai da ya sauko wajen giram 4 a kowace lita. Daga nan sai lakar ta ɓalle, dutsen ya shaƙe. Idan kuwa aka sauya daga ruwan gishiri zuwa ruwan daɗi a lokaci guda, ƙarfin wucewar ruwa a cikin dutsen yakan faɗi ninki ɗari ko fiye. Domin mai karatu ya kwatanta, ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 a lita.

Dalilin kuwa shi ne, fuskar lakar da fuskar rairayin duk caji iri ɗaya gare su na lantarki, abubuwa biyu masu caji iri ɗaya kuwa tunkuɗe juna suke yi. Gishirin da ke cikin ruwa shi ne yake shiga tsakani ya danne wannan tunkuɗa, har su zauna a manne. In aka janye gishirin, sai gabar ta dawo. Manoman da suka san ƙasa mai kanwa, irin ta ƙasar Manga, sun ga wannan da idonsu ko da ba su san sunansa ba. Ruwan sama, wanda ba shi da gishiri, yana sauka a kan irin wannan ƙasa sai lakarta ta watse ta liƙe fuskar ƙasar, ruwa ya kwanta a sama ya ƙi shiga, in ya bushe wurin ya zama fako. Abin da ke faruwa a gona shi ne yake faruwa a cikin dutsen mai.

Gudummawar Bedrikovetsky ta zo ne a wajen auna wannan abu. Lissafin da aka saba amfani da shi kafinsa yana ɗauka cewa laka tana ɓallewa ne a hankali a hankali, gwargwadon tsawon lokacin da ruwa ya yi yana wucewa. Amma abin da ake gani a ɗakin gwaji ya saɓa wa haka: da zarar an ƙara gudun ruwa ko an rage gishiri, sai wani kaso ya saki nan take, sauran kuma su tsaya daram ko da an kwana ana turawa. A wani bincike da ya wallafa tare da abokan aikinsa na Burazil a 2011, ya duba ƙwayar laka guda ɗaya a kan bango, ya ƙidaya abubuwan da ke rinjayarta: ruwa yana jan ta gaba, yana kuma ƙoƙarin ɗaga ta, nauyinta yana riƙe ta, ƙarfin lantarki shi ma yana riƙe ta. Idan masu ja sun rinjayi masu riƙo, sai ta mirgina ta tafi. Daga nan ya fitar da ƙa'ida mai sauƙin faɗa: ga kowane gudun ruwa da kowane yawan gishiri, akwai iyakar lakar da dutse zai iya riƙewa, duk abin da ya haura wannan iyaka zai ɓalle. Kamar jakin da aka san iyakar kayan da zai ɗauka ne, in an hau tudu iyakar ta ragu, abin da ya yi yawa ya zube.

Amfanin wannan ƙa'ida shi ne ana iya auna iyakar a ɗakin gwaji da ɗan gutsuren dutse da bai fi tsawon yatsa ba, sannan a yi hasashen abin da zai sami rijiya sukutum kafin a taɓa ta. Daga baya shi da ɗalibansa sun ƙara gano abubuwa biyu. Na farko, lakar da ta ɓalle ba ta gudu daidai da ruwa, mirginawa take yi a jikin bango tana jan ciki, shi ya sa ɓarnar takan ɗauki lokaci kafin ta gama bayyana, kuma gwajin da aka yi cikin gaggawa yana iya nuna komai lafiya alhali ba lafiya ba. Na biyu, zafi yana raunana riƙon. Da wannan suka yi bayanin abin da ya sami rijiyar Salamander a kudancin Ostireliya, wadda aka haƙa a 2010 zurfin kilomita 4 domin samo ruwan zafi na samar da lantarki, amma ruwan da take bayarwa ya yi ta raguwa.

Maganar gudun ruwa tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ta fi shafar ƙasar da take cikin matsin kuɗi. Mai da ruwa suna tahowa ne daga kowace kusurwa suna taruwa a bakin rijiya guda, saboda haka gudunsu yana ƙaruwa gwargwadon kusantarsu. Gudun da ake samu a tazarar santimita 10 daga tsakiyar rijiya ya ninka na tazarar mita 10 sau ɗari. Ke nan idan aka buɗe rijiya fiye da kima domin a cika jirgi da wuri, wurin da zai fara toshewa shi ne ƙofar da komai yake bi. A watannin farko alƙaluma za su yi kyau, a yi ta murna, bayan nan sai rijiyar ta fara ja da baya. Ana iya wanke bakin rijiya da ruwan asid, ana kuma zuba sinadarai masu riƙe laka, amma duk kuɗi ne, kuma kusa kawai suke kaiwa. Toshewar da ta yi nisa cikin dutse zama take yi. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ba kwatanci ba ce.

Sai dai malamin bai tsaya a kan cewa ɓallewar laka sharri ce zalla ba, kuma wannan ne ɓangaren aikinsa da ya fi jawo muhawara. Dutsen mai hawa-hawa yake, wani hawa kafofinsa manya, wani ƙanana. Ruwan da aka ɗura yakan zaɓi hanya mai sauƙi, ya bi hawa mai manyan kafofi ya ɓullo a rijiyar ɗiba da wuri, ya bar mai jibge a sauran hawan. Daga nan sai rijiya ta koma ba da ruwa mai yawa da mai kaɗan. Shawarar da shi da ɗalibansa suka kawo ita ce: me zai hana a ɗura ruwa mai ƙarancin gishiri da gangan, domin laka ta ɓalle ta toshe waccan hanya mai sauƙi da ruwa ya riga ya wanke, ruwan da ke biye ya rasa mafita sai ta inda man yake? Mai noman rani yana yin irin haka idan ya datse kwalbatin da ya ƙoshi da ɗan tarin ƙasa domin ruwa ya juya zuwa fangalin da bai sha ba.

Tunanin yana da tushe. A 1999, Tang da Morrow na Jami'ar Wyoming sun nuna cewa ruwa mai ƙarancin gishiri yana ƙara fitar da mai daga dutsen yashi, amma da suka gasa dutsen a wuta har lakarsa ta daina motsi, sai ƙarin ya ɓace. Wannan hujja ce ga masu cewa motsin laka ne sirrin. To amma masanan kamfanin BP sun ce su a nasu gwaje-gwajen sun sami ƙarin mai ba tare da sun ga laka ta fito ko dutse ya toshe ba, suka danganta abin ga musayar sinadarai a fuskar lakar, wadda take sa mai ya saki dutse. Kamfanin ya zuba kuɗinsa a kan wannan fahimta: a filin Clair Ridge da ke tekun arewacin Birtaniya, wanda ya fara aiki a watan Nuwamban 2018, ya tsara a riƙa cire gishirin ruwan teku kafin a ɗura, da hasashen samun ƙarin ganga miliyan 40. Har yanzu masana ba su haɗu a kan bayani guda ba. A nawa ganin, saɓanin da kansa shi ne darasin da ya fi amfani: ruwa iri ɗaya yana iya zama magani a wannan dutse ya zama guba a wancan, kuma babu hanyar sani sai an gwada dutsen wurin da ruwan wurin. Wanda ya kwafo abin da ya yi aiki a Alaska ko a tekun Birtaniya ya kawo shi hamada ba tare da gwaji ba, caca ya yi da dukiyar da ba ta dawowa.

Yanzu mu dawo gida. Man Agadem yana cikin dutsen yashi ne, a kwarin da masana ƙasa suke kira Termit, mafi yawansa a hawan da aka sa wa suna Sokor. Wato irin dutsen da duk wannan bincike yake magana a kansa. Daga 2011 zuwa buɗe bututun Benin, abin da ake ɗiba bai wuce ganga 20,000 a rana ba, gwargwadon cikin matatar Soraz ta Damagaram. Yanzu manufa ita ce 110,000, wato ninki biyar da rabi. An haƙa sababbin rijiyoyi da yawa domin haka, ba tsofaffin kaɗai aka ɗora wa nauyin ba, amma duk da haka tambayar yawan abin da ake ja daga kowace rijiya, da irin ruwan da za a mayar ƙasa domin riƙe matsi, ta zama tambayar ƙasa baki ɗaya, ba ta injiniyoyi kaɗai ba.

Maƙwabciyarmu Cadi ta riga mu ganin yadda dutse yake ƙin bin lissafin takarda. An fara fitar da man Doba a 2003 ta bututu mai kilomita 1,070 zuwa Kribi a Kamaru, an tsara zai kai ganga 225,000 a rana. Abin da ƙasar ta samu a shekararta mafi kyau, wajen 2005, ganga 170,000 ne da 'yan kai, daga nan ya yi ta sauka, kuma babban abin da ya jawo haka shi ne ruwan da ya riƙa rinjayar mai a rijiyoyin tun da wuri. Ba ina cewa laka ce ta yi wa Doba haka ba. Abin nufi shi ne, kasafin kuɗin da aka gina a kan alƙaluman ranar buɗe famfo yana iya rushewa saboda abin da ke gudana a kafofin da ido ba ya gani.

Kada kuma a fahimci wannan sharhi a matsayin tuhumar kamfanin da ke aikin. CNPC ba baƙo ba ne a wannan ilimi. A filinsa na Daqing da ke ƙasar Sin ana ɗura ruwa tun farkon shekarun 1960, kuma a manyan sassan filin an fitar da fiye da rabin man da ke ƙasa, abin da wurare kaɗan ne a duniya suka kai. Ilimin yana hannunsa. Amma kowane kamfani yana aiki ne da kwangila mai wa'adi, lissafinsa kuma yana fifita gangar yau a kan ta shekara ashirin mai zuwa. Gwamnatin da ake bin ta bashi ita ma gangar yau take so. In aka duba, babu wanda kujerarsa ta tilasta masa ya tsaya wa gangar da za ta fito bayan wa'adi ya cika, sai fa in ƙasa ta ajiye mutanenta musamman domin haka. Ga misali na lissafi kawai: a filin da ke ɗauke da ganga miliyan 1,000 a ƙasa, fitar da ƙarin kashi 1 cikin 100 na wannan mai ganga miliyan 10 ne. A kan dala 70, kuɗinsa dala miliyan 700 ke nan, ya ɗara waccan dala miliyan 400 da aka yi ta magana a kanta nesa ba kusa ba. Ragin kashi 1 shi ma haka yake, sai dai shi babu mai sanar da shi a rediyo, domin man da bai fito ba babu wanda ya taɓa ganinsa balle ya yi kewarsa.

Akwai kuma batun ruwan kansa. A teku, ruwa kyauta ne, cire gishirin ne kuɗi. A Agadem babu teku babu kogi, duk ruwan da za a ɗura daga ƙarƙashin ƙasa zai fito, ko dai wanda ya taho tare da man a mayar da shi, ko kuma a haƙo wani. Yanki ne da rayuwar makiyaya da raƙumansu ta rataya a kan rijiya. Saboda haka ko da gwaji ya nuna ruwan daɗi zai ƙara mai, sai an auna shi da abin da za a rage wa masu sha. Idan kuma gwaji ya nuna zai toshe dutsen, to an yi asara biyu ke nan in aka ɗura shi.

Ga ɗalibanmu na Jami'ar Abdou Moumouni, da makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, da jami'o'in Damagaram da Difa, abin lura shi ne wannan fanni ba ya cikin waɗanda sai ƙasa mai tarin dukiya take iya shiga. Gwajin da Khilar da Fogler suka yi bai buƙaci fiye da gutsuren dutse, da famfo mai tura ruwa daidai wa daida, da ma'aunin matsi, da ruwan gishiri da aka auna ba. Ƙa'idar da ake karanta sakamakon da ita kuwa ta Henry Darcy ce, injiniyan ruwan sha na garin Dijon a Faransa, wanda ya fitar da ita tun 1856 da bututu cike da rairayi. Sauran aikin lissafi ne, shi ma Bedrikovetsky ta ƙofar lissafi ya shigo. Abin da ya fi wuyar samu shi ne dutsen, wato sandunan da ake yankowa daga zurfin rijiya lokacin haƙa, tare da bayanan kowace rijiya.

A nan ne hukuma take da abin yi wanda ba ya buƙatar rance. Ma'aikatar man fetur da kamfanin Sonidep suna iya tabbatar da cewa wani kaso na waɗannan sanduna yana ajiye a cikin ƙasa, malaman jami'a suna iya kai hannu gare shi. Suna kuma iya neman a riƙa ba su, rijiya bayan rijiya, wata bayan wata, alƙaluma uku: yawan ruwan da ke fitowa tare da kowace gangar mai, yawan gishirin ruwan da ake ɗurawa idan aka kwatanta da na ruwan da ke cikin dutsen tun asali, da kuma matsin da ake buƙata kafin a tura adadin ruwa iri ɗaya. In matsin nan na uku ya fara hawa alhali yawan ruwan bai ƙaru ba, to dutsen ya fara shaƙewa, kuma akwai sauran lokacin da za a rage gudu ko a sauya ruwan kafin toshewar ta yi nisa.